Daga Aji Shida Zuwa Jami'a: Jagorar JAMB ga Ɗalibai da Iyayen Jihar Kebbi

Na shafe shekaru ina koyarwa a ajin ƙarshe na sakandare a Jihar Kebbi, kuma a duk shekara, idan aka fara sakin sunayen waɗanda suka sami gurbin karatu, sai an sami uban da zai yi sallama a ofishin malamai da takardun ɗansa a cikin leda. Wani dattijo manomin shinkafa ya taɓa shimfiɗa mini su a kan tebur, ya ɗora yatsa a kan makin JAMB na yaron, wanda ya haura 200, ya ce, “Malam, an ce mini ya ci, to mene ne ya hana a ɗauke shi?” Da na duba sai na ga yaron injiniyanci ya nema, amma babu Fiziks a cikin darussa huɗun da ya rubuta. Mai shagon da ya cike masa fom ne ya zaɓa masa, shi kuma bai karanta ba ya amince. Shekara guda ta tafi a kan haka.

Irin wannan asarar ce ta sa na rubuta jagorar nan. A iya abin da na gani, yaranmu da yawa suna rasa gurbi ne a wurin cike takarda, da riƙon layin waya, da bibiyar abin da ke biyo bayan sakamako, alhali kuwa dukkan waɗannan abubuwa ne da uba ko uwa ko yaya za su iya sa wa ido, ko da su kansu ba su yi karatun boko mai zurfi ba.

Jarrabawa biyu ce, kowace da aikinta

Ta farko ita ce ta kammala sakandare. Ɗalibi na iya rubuta ta WAEC, hukumar ƙasashen Afirka ta Yamma da aka kafa a 1952, ko ta NECO, wadda aka kafa a 1999 mai hedikwata a Minna. Ɗaliban makarantun fasaha suna da NABTEB, na makarantun Larabci da addinin Musulunci kuma suna da NBAIS. Abin da ake nema a nan shi ne kiredit biyar a darussan da suka dace da kwas ɗin da ake so, ciki har da Turanci, sannan da Lissafi ga duk mai neman fannin kimiyya, fasaha ko kasuwanci. Kiredit yana farawa daga A1 ya tsaya a C6. D7 da E8 an haye, amma ba a lissafa su a cikin biyar ɗin, kuma nan ne iyaye suke yawan ruɗewa idan yaro ya ce musu bai faɗi ko ɗaya ba. Yawancin makarantu suna yarda a haɗa sakamakon zama biyu, misali WAEC da NECO, sai dai kwasa-kwasai irin likitanci da a jami'o'i da dama ake son a kawo komai a zama ɗaya.

Ta biyu ita ce UTME, wadda kowa ke kira JAMB da sunan hukumar da ke shirya ta. An kafa hukumar a 1978, kuma tun 2010 jarrabawa ɗaya ce ake rubutawa don shiga jami'a, kwalejin kimiyya da fasaha ko kwalejin ilimi. Tun 2015 gaba ɗayanta a kwamfuta ake yi. Sakamakon WAEC ko NECO ba ya tsufa, amma na JAMB na shekarar da aka rubuta shi ne kaɗai, don haka wanda ya yi sakaci da shi sai ya sake biyan kuɗi ya sake zama.

Mataki na farko: suna da ranar haihuwa

Wannan aiki tun yaro yana aji biyar ya kamata a fara shi. Tun 2021 ba a yin rajistar JAMB sai da lambar zama ɗan ƙasa ta NIN, kuma JAMB daga rumbun NIMC, hukumar da ke ba da NIN, take ɗauko suna da ranar haihuwa kai tsaye. Abin da ke can shi zai fito a takardar JAMB, ko daidai ne ko kuskure.

A ƙasarmu mutum ɗaya yakan zama Muhammad a takardar haihuwa, Mohammed a rajistar makaranta, Muhammadu a katin NIN. Wani yana amfani da sunan mahaifinsa a wuri ɗaya, a wani wurin kuma ya ƙara sunan garinsu, kamar Jega ko Kamba ko Bunza. A gida duk mutum ɗaya ne, amma jami'in tantance takardu a jami'a haruffa yake dubawa. Saboda haka a ɗauko takardar haihuwa, da silif ɗin NIN, da sunan da makaranta za ta tura wa WAEC da NECO, a jera su, a tabbatar rubutun sunan da jerinsa da ranar haihuwa duk sun zo ɗaya. Idan akwai saɓani a gyara kafin a buɗe rajista, domin gyara a NIMC yana cin kuɗi da lokaci, musamman na ranar haihuwa. A kuma lura cewa shekara 16 ce mafi ƙarancin shekarun shiga manyan makarantu, don haka gaggawar tsallakar da yaro aji ba ta da amfanin da ake zato.

Mataki na biyu: layin waya da imel

Ɗalibi zai rubuta kalmar NIN a saƙon tes, ya bar tazara, ya rubuta lambobinsa 11, ya tura zuwa 55019 ko 66019. Dole ne a sami kati a layin, domin data ba ta biyan wannan saƙon. Amsar da za ta dawo tana ɗauke da lambar furofayil, wadda da ita ake sayen e-PIN, wato lambar shaidar biyan kuɗin rajista, a banki ko sauran wuraren da hukumar ta amince da su.

Layin da aka tura saƙon da shi ya ɗaure da sunan ɗalibin ke nan. Ta kansa ake duba sakamako, ta kansa saƙonnin hukumar suke zuwa, kuma ba a haɗa ɗalibai biyu a layi ɗaya. Kada a yi amfani da layin mai shagon intanet, ko na abokin da zai tafi ci-rani Legas, ko na wan da ke yawan sauya waya. Na san yarinyar da aka yi wa rajista da layin wani maƙwabcinsu, wayarsa ta faɗa ruwa a lokacin kamun kifi bai sake karɓo layin ba, ita kuwa ta yi makonni tana zarya kafin ta iya shiga shafinta. Shawarata ita ce a yi amfani da layin da zai zauna a gida, a riƙa sa masa kati lokaci-lokaci don kada kamfani ya rufe shi. Haka ma imel: ɗalibi ya buɗe nasa da hannunsa, ya rubuta adireshin da kalmar sirrin a bangon littafi, ya ba mahaifiyarsa kwafi ta adana masa.

Mataki na uku: zaɓin kwas, darussa da makaranta

A nan ne ya kamata a fi daɗewa, kuma a gida za a yanke wannan shawara, kafin a je layin rajista inda hayaniya da zafin rana suke sa mutum ya amince da duk abin da aka ce masa.

Ana rubuta darussa huɗu. Turanci wajibi ne ga kowa, sauran ukun kuma kwas ɗin ne yake tsara su. Mai neman likitanci zai ɗauki Fiziks, Kemistiri da Bayoloji. Mai neman injiniyanci zai ɗauki Lissafi, Fiziks da Kemistiri. Mai neman lauya yawanci sai da Adabin Turanci, tare da darussa irin su Gwamnati, Tarihi ko Ilimin Addini. Hausa da Larabci da Ilimin Addinin Musulunci duk suna cikin darussan UTME, kuma ɗalibin da ya ƙware a cikinsu bai kamata ya ji kunyar neman kwas ɗin da ya dace da su ba. Hukumar tana da kundin kwasa-kwasai a shafinta na intanet, wanda yake bayyana darussan da kowane kwas yake buƙata a JAMB da kuma a WAEC ko NECO, har da sharuɗɗan da wata jami'a ta keɓanta da su. A karanta na makarantar da ake so musamman, domin abin da Sakkwato ta karɓa ba lallai ne Zariya ta karɓa ba.

Game da makaranta, ɗan Kebbi yana da zaɓi a gida fiye da yadda iyayensa suka samu. Akwai Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi da aka kafa a 2013, mai mazaunin dindindin a Kalgo. Akwai jami'ar kimiyya da fasaha ta jiha da ke Aliero, wadda aka kafa a 2006 kuma yanzu take ɗauke da sunan Abdullahi Fodiyo. Akwai Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya da ke Zuru, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ta Waziri Umaru a Birnin Kebbi, da ta jiha a Dakingari, da Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie a Argungu. Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato ma ta gida ce a wurinmu.

Akwai tsarin da ya kamata kowane uba ya sani. Jami'o'in tarayya suna raba guraben karatu gida uku: kashi 45 cikin 100 ga waɗanda suka fi maki daga ko'ina a ƙasa, kashi 35 ga jihohin da ke yankin jami'ar, kashi 20 kuma ga jihohin da aka lissafa a matsayin masu ƙarancin ci gaban ilimin boko, waɗanda Kebbi da Sakkwato da Zamfara suke ciki. Wannan yana nufin yaron Kebbi da ya zaɓi Kalgo ko Sakkwato yana da ƙofofi fiye da ɗaya da zai iya shiga ta cikinsu. Saboda haka a tabbatar an cike jiha da ƙaramar hukumar asali daidai, a kuma nemi takardar shaidar zama ɗan ƙaramar hukuma tun da wuri.

Zaɓin farko shi ne mai nauyi, domin yawancin jami'o'i waɗanda suka sa su a farko suke dubawa. A nan ina roƙon iyaye su ji tsoron Allah a kan 'ya'yansu. Kusan duk yaron da ke ajin kimiyya an riga an raɗa masa likita a gida, alhali guraben likitanci ƙalilan ne kuma masu nema dubbai. Yaron da Kemistiri yake ba shi wahala tun aji huɗu, tilasta masa wannan layin zalunci ne, ko da da kyakkyawar niyya aka yi. A tambayi malaminsa gaskiyar ƙoƙarinsa, a kuma saurari abin da shi yaron yake so. Jihar da take noma shinkafa kamar tamu tana buƙatar masana aikin gona da injiniyoyin ban ruwa da malaman Lissafi, kuma waɗannan kwasa-kwasai sun fi sauƙin samu.

Mataki na huɗu: ranar rajista

Yawanci ana buɗe rajista a farkon shekara, a rufe bayan 'yan makonni. Ana yin ta ne kawai a cibiyoyin jarrabawar kwamfuta, wato CBT, da hukumar ta amince da su, kuma dole ɗalibi ya je da kansa saboda za a ɗauki hotonsa da zanen yatsunsa goma. Kuɗin yana sauyawa daga shekara zuwa shekara, don haka a nemi adadin daga sanarwar hukumar, kada a biya wani abu a bayan fage. A je a makon farko ko na biyu, domin wanda ya yi jinkiri yakan tarar guraben garin da yake son rubuta jarrabawa sun cike, a tura shi nesa.

'Yan mata su guji ƙunshi a yatsu makonni kafin rajista, haka kuma kafin ranar jarrabawa. Hukumar da kanta ta sha yin gargaɗi a kan lalle saboda yana hana na'ura karanta yatsa. Na ga ɗalibata tana goga yatsunta da lemun tsami a bakin cibiya tana kuka, saboda bikin yayarta ya faɗo kwana uku kafin ranarta. Samarin da suke aikin gona ko gini har tafin hannunsu ya yi kanta su ma su kula da yatsunsu a wannan lokacin.

Kafin a tura bayanan, ɗalibi ya karanta allon da idonsa, layi bayan layi: suna, jinsi, jiha, darussa, kwas, makaranta, garin jarrabawa. Kada kunya ko tsawar ma'aikaci ta hana shi cewa a gyara. Mai lalurar gani ko wata nakasa ya bayyana tun a nan, domin hukumar tana da tanadi na musamman dominsu. Wanda bai riga ya sami sakamakon sakandare ba zai nuna cewa yana jiran sakamako. A kuma zaɓi jarrabawar gwaji, wadda ba dole ba ce, amma ga yaron da bai saba da kwamfuta ba ta fi ƙarfin kuɗinta.

Mataki na biyar: shiri

Tambayoyi 180 ne a cikin awa biyu: 60 na Turanci, 40 a kowane ɗaya daga sauran ukun, jimillar maki 400. Idan aka raba, kowace tambaya daƙiƙa 40 take da ita. Yaron da ya san karatu amma bai saba aiki da agogo ba, lokaci zai ƙare masa yana tsakiyar darasi na uku.

A sauko da manhajar kowane darasi daga shafin hukumar, a bi ta kanu bayan kanu, a haɗa da tambayoyin shekarun baya ana amsawa da agogo a gefe. Akwai littafin labari da ake sanyawa a ɓangaren Turanci, a karanta shi gaba ɗaya maimakon dogara da taƙaitawar da ke yawo a WhatsApp. Turanci ne yake kayar da yawancin ɗalibanmu, har a Fiziks da Bayoloji, domin wanda bai fahimci tambaya ba ba zai amsa ta ba ko ya san amsar. Maganinsa karanta shafi biyu ko uku na Turanci kullum da bayyana ma'anarsu da baki.

Tsoron kwamfuta kuwa yana gushewa cikin zama uku ko huɗu. Maɓallai kaɗan ake buƙata: A, B, C da D don zaɓar amsa, N don matsawa gaba, P don komawa baya, S don miƙa aiki. A kai yaro wurin da ake gwaji ya taɓa su da hannunsa. Masu tallar cibiyar da ake “taimako”, da masu cewa za su ƙara maki a ba su kuɗi, macuta ne. Satar jarrabawa laifi ne a ƙarƙashin dokar 1999, kuma hukumar tana soke sakamako ta gurfanar da waɗanda ta kama.

Mataki na shida: ranar jarrabawa

Kwanaki kaɗan kafin a fara, za a sanar cewa kowa ya fitar da silif mai ɗauke da cibiya da rana da lokaci. A fitar da kwafi biyu. Wanda zai taso daga Zuru, Yauri, Dakingari ko ƙauyukan Bagudo zuwa wani gari ya tafi tun ana gobe, da rana, ya kwana wurin dangi, ya je ya ga cibiyar da idonsa kafin magariba. Sammakon asuba a hanyoyinmu ba abin da zan ba wa ɗan kowa shawara ba ne. Jarrabawar takan faɗo a tsakiyar bazara, don haka a ci abinci mara nauyi a sha ruwa.

Ba a shiga da waya, agogo, biro, kalkuleta ko abin sawa a kunne. Akwai kalkuleta a jikin allon. A fara da darasin da aka fi iyawa, tambayar da ta tsaya a wuce ta a dawo daga baya, kuma kada a bar ko ɗaya babu amsa tunda ba a rage maki saboda kuskure. Idan kwamfuta ta ɗauke, a ɗaga hannu a kira jami'i nan take.

Mataki na bakwai: bayan sakamako

Ana duba sakamako ta hanyar tura UTMERESULT zuwa 55019 ko 66019 daga layin nan dai. A nan ne gidaje da yawa suke yin murna su naɗe hannu, alhali rabin aikin yana gaba.

Kowace shekara hukumar tana zama da shugabannin makarantu a tsayar da mafi ƙarancin maki. A 2025 an tsayar da 150 ga jami'o'i, 140 ga kwalejojin koyon jinya, 100 ga kwalejojin kimiyya da fasaha da na ilimi. Wannan ƙasan ma'auni ne kawai. Kowace makaranta tana iya ɗaga nata, kowane sashe kuma yana da nasa, kuma na likitanci da lauya da jinya sukan yi nisa da wannan adadi. Idan makin yaro bai kai na kwas ɗin da ya nema ba, hukumar tana ba da damar sauya kwas ko makaranta da ɗan kuɗi. A yi hakan da wuri, a kuma tabbatar darussa huɗun da ya rubuta sun dace da sabon kwas ɗin.

Daga nan sai a sa ido a kan sanarwar makarantar game da Post-UTME, wato tantancewar da makarantar take yi da kanta bayan JAMB. Wasu jarrabawa suke yi, wasu takardu kawai suke dubawa, amma wanda bai yi rajistarta ba ya fita daga lissafi. Da zarar sakamakon WAEC ko NECO ya fito, a koma cibiyar CBT a ɗora shi a shafin JAMB, sannan a shiga a tabbatar ya hau. Ɗora shi a shafin jami'a kaɗai bai wadatar ba, kuma wannan mantuwar ta hana yara masu maki mai kyau shiga fiye da yadda zan iya ƙirgawa.

Tun 2017 duk wani gurbin karatu ta manhajar JAMB mai suna CAPS yake bi. Ɗalibi zai riƙa shiga shafinsa aƙalla sau ɗaya a mako, kuma idan an ba shi gurbi dole ya danna amincewa a cikin wa'adin da aka ɗiba, in ba haka ba a ba wani. Wani lokaci makarantar takan yi masa tayin wani kwas dabam, shi ma sai ya amsa. Bayan amincewa sai ya fitar da takardar shaidar samun gurbi ta JAMB da ainihin takardar sakamako. Duk gurbin da aka ce an samo wa yaro amma bai bayyana a CAPS ba, kada a biya kuɗin makaranta a kansa, domin wanda sunansa ba ya cikin rajistar JAMB yakan gamu da cikas a lokacin tafiya bautar ƙasa, bayan an gama kashe kuɗin shekara huɗu. Wanda kuɗin makaranta ya yi wa nauyi, akwai bashin karatu na NELFUND ga ɗaliban makarantun gwamnati, kuma lambar JAMB da NIN da BVN ake nema wajen cikewa.

Idan shekarar ta wuce ba a samu ba

Zaman jiran wata JAMB ɗin ba shi ne kaɗai mafita ba. Wanda kiredit ɗinsa bai cika ba ya rubuta jarrabawar masu zaman kansu ta WAEC ko NECO da ake yi a ƙarshen shekara ya cike giɓin. Wanda kiredit ɗinsa ya cika yana iya shiga shirin share fagen jami'a na IJMB, wanda Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya take kula da shi, idan ya sami makin da ake so ya nemi aji biyu na jami'a kai tsaye. Haka mai takardar malanta ta NCE daga Argungu ko difloma daga Waziri Umaru zai iya sayen fom ɗin shiga kai tsaye na JAMB ya ci gaba zuwa digiri. Ɗan dattijon nan mai leda ta wannan hanyar ya bi: ya yi difloma a fannin injiniyanci, sannan ya nemi aji biyu. Da ya zo cike fom ɗin shiga kai tsaye, da tsohon layinsa da tsohuwar lambar furofayil ɗinsa ya yi amfani, domin mahaifiyarsa ta adana masa layin a cikin kwallar da take ajiye 'yan kunnenta.